Ranar da Aka Kashe Rigar Amarya a Tulum

Katin gayyatar da jadawalinsa ya zo, yadda Amurkawa suka saba: ga ranar sauka, ga ranar ɗaurin aure a bakin teku a garin Tulum na ƙasar Meziko, ga liyafar dare. Can ƙasa kuma aka ƙara wani layi game da washegarin biki, wai kowa ya taho da kayan da ba zai ji zafin rabuwa da su ba. Amaryar abokiyar aikina ce, a sashe ɗaya muke aikin jinya a wani asibiti a Houston da ke jihar Texas ta Amurka, mun sha kwana tsaye tare a kan marasa lafiya. Da na tambaye ta ma'anar layin nan, sai ta ce, "Ranar ce za mu kashe rigar." Su suna kiran abin trash the dress. Amarya ta gama biki, ta sake sa rigarta, ƙawaye su taru su lalata ta, mai hoto yana ɗauka.

A watan Fabrairun 2024 muka tashi. Mai fasfon Najeriya da ke da bizar Amurka mai rai ba ya buƙatar wata biza kafin ya shiga Meziko, wannan ya sauƙaƙa min tafiyar. Daga Houston zuwa Kankun awa biyu ne da 'yan mintuna, kusan duk a saman ruwa. Kankun ɗin da ake ji, mai jerin dogayen otal-otal a bakin teku, gari ne ɗan jiya. Kafin 1970 yashi ne da kurmi da 'yan masunta, gwamnati ce ta zaɓi wurin ta gina shi don baƙi masu dala. Ba mu tsaya ba. Motar haya ta kwashe mu ta miƙa kudu a kan babbar hanya mai lamba 307, wajen kilomita 130 zuwa Tulum.

Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne duk tsawon hanyar ba mu haye kogi ko ɗaya ba. Ƙasa shimfiɗe, kurmi kore shar dama da hagu, alamar ana samun damina mai kyau, amma ko ƙorama babu. Direban ya nuna ƙasa da yatsa ya ce ruwan yana ƙarƙashinmu. Yankin Yukatan a kan dutsen farar ƙasa yake zaune, irin wanda ake yin siminti da shi. Ruwan sama yana sauka ya tsiyaye ya shige, ya yi ta rarake dutsen har ya yi wa kansa hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa. Inda rufin kogo ya rufta, sai rijiyar Allah ta buɗe, ita suke kira senote, kuma akwai dubbansu. A 2018 masu nutso suka gano cewa manyan hanyoyin ruwa biyu na kusa da Tulum, Sac Actun da Dos Ojos, a haɗe suke, tsawonsu kilomita 347. Direban yana cikin wannan bayani sai ya koma faɗa. Layin dogon da gwamnati ke shimfiɗawa a lokacin, Jirgin Maya, ana kafa masa ginshiƙai da ke huda rufin ramukan nan, alhali ruwan da mutanen yankin ke sha ke nan.

Bikin kansa bai ɗau lokaci ba. Mutane ba su fi hamsin ba, kujeru a kan yashi, kafin rana ta faɗi an gama. A wajen cin abinci kifi da shinkafa na riƙe, don alade da kitsensa suna shiga girkin mutanen nan ta inda ba ka zata ba, har cikin wake. Da aka kawo abin sha na waɗanda ba sa shan giya, sai ga zoɓo ja wur da ƙanƙara. Zoɓo ne sak, illa babu citta da kanumfari.

Rigar kuwa kusa na gan ta, don ina ɗakin lokacin da ake shirya amarya. Fara ce mai ɗan ruwan madara. Daga wuya zuwa ƙugu leshi ne mai zanen ganye, an bi kowane ganye da ƙananan duwatsu masu ƙyalli, wasu ba su fi ƙwayar gero ba. Bayanta jerin maɓallai ne da aka lulluɓe da yadin rigar, tun daga keya har ƙasan baya, kowanne da ɗan zaren da ake maƙala shi. Uwar amarya ce ta durƙusa tana ɓalla su ɗaya bayan ɗaya da ƙugiyar saƙa, tabarau a kan hanci, tana yi tana sauke numfashi. Siket ɗin hawa-hawa ne na yadi shara-shara, ga jela tana jan ƙasa. Dala 2,200 aka saye ta, ban da kuɗin telar da ta rage ta ta daidaita ta da jiki, kuma tun wata takwas kafin biki aka yi odarta. Duk wanda ya matso da kofi a hannu, sai babbar ƙawa ta daka masa tsawa.

Washegari da hantsi, wannan babbar ƙawar ce ta fito da jakar fenti a kafaɗa.

Muka bar kwalta muka bi wata farar hanya mai ƙura cikin kurmi. Senote da yawa a yankin suna kan filayen da mutanen ƙauye suka mallaka tare, su ke karɓar kuɗin shiga, su ke gadi. Mai gadin namu dattijo ne gajere kakkaura, da harshen Maya, mutanen asalin yankin, yake magana da abokin aikinsa. Ya sa kowa ya watsa ruwa a famfo kafin ya sauka, saboda man shafawa da turare suna gurɓata ruwan. Ya leƙa jakar babbar ƙawa, ya ga robobin fenti da ƙullin garin kala, ya girgiza kai ya tura ta ƙarƙashin teburinsa. Aka yi magiya, aka nuna masa rubutun da ke cewa fentin na wasan yara ne, ba ya cutarwa. Ko kallon rubutun bai yi ba. Dattijon nan ya kwanta min a rai.

Ta matakalar katako ake sauka, mai santsi. Rabin wurin a rufe yake, duwatsu masu tsini sun zuro daga rufin, saiwoyin bishiyoyi sun sauko dogaye suna neman ruwa, jemagu suna maƙale a lungu. Rabin kuma a buɗe, rana ta faɗo ta tsaga ruwan har ƙasa. Ruwa ne garau, mai sanyin da ke ratsa ƙashi a minti na farko. Kana tsaye kana ƙirga tsakuwar ƙasa, ka ɗauka iya gwiwa ne, alhali zai shanye mutum biyu a tsaye.

Mai hoton ɗan Meziko ne, sana'arsa ke nan duk shekara. Kafin kowa ya taɓa ruwa ya sa aka cire rigar cikin da ke kumbura siket, ya tsayar da yaransa biyu a cikin ruwa riƙe da robar ceto, ya nuna wa amarya inda igiya take. Da wata ƙawa ta ce shirin ya yi yawa, sai ya ajiye kamara ya ba mu labarin da duk masu aikinsa suka sani. A watan Agustan 2012, a garin Rawdon da ke lardin Kebek a Kanada, wata amarya 'yar shekara 30 ta shiga kogin Ouareau da rigar aurenta don a ɗauke ta irin wannan hoto. Rigar ta sha ruwa ta yi nauyi, ta ja ta ƙasa. Mai hoton ya yi iya yinsa ya kasa fito da ita, sai gawarta aka tsamo. Ba wadda ta sake cewa uffan. Amarya ta kalli angonta, ta ce a ƙara matso mata da robar.

Sannan ta sauka, kuma abin ya yi kyau, kyan da ban shirya masa ba. Da farko iska ta cika siket ɗin ya taso ya kewaye ta a saman ruwa. Sannu a hankali ya jiƙe ya nutse, hawa-hawan yadin suka rabu, kowanne yana bin motsin ruwan. Ta cika ƙirji da iska ta yi ƙasa, gashinta ya tashi sama, hasken rana ya sauka a kan duwatsun rigar. Ƙawaye suka ɗau ihu suka faɗa da rigunansu na anko, ango ya bi su da wandonsa na jiya. Ni ina zaune a matakala, ƙafafuna a ruwa, wayoyin mutane cike da cinyata, ƙananan kifaye suna tsakurar yatsuna. A nan ban ji an yi wata ɓarna ba. Ruwa ne mai tsabta, riga ta jiƙe, in an ga dama a shanya ta.

Wajen fita ne labarin Kanada ya dawo wa kowa. Ta kama igiya ta kasa ɗaga kanta. Sai da yaran nan biyu suka tallafo ta ta ƙasa, ni da wata muka kama gefen rigar muka ja, har kafaɗata ta amsa. Tana tsayawa ruwa ya yi ta kwarara daga yadin, ita kuma haƙoranta suna karkarwa tana dariya.

A hanyar komawa mai hoton ya ce ana jingina farkon abin ga wani mai hoton biki a Las Vegas, John Michael Cooper, wanda a wajen 2001 ya gaji da hotunan amare a tsaye cikin lambu, ya fara kai su wuraren da ba su dace da farar riga ba. Intanet ta ɗauka ta yaɗa. A gaɓar nan yanzu ciniki ne mai farashinsa, masu hoto suna sayar da shi tare da hoton biki.

A tsakar gidan da aka kama haya aka buɗe jakar da mai gadi ya hana. Amarya ta tsaya tsakiyar fili, riga a jiƙe, hannuwa a buɗe, ido a rufe. Aka ƙirga uku. Shuɗi ya fara sauka a ƙirji ya gangaro, ja ya biyo, rawaya ta biyo. Garin kala ya tashi ya turnuƙe wurin har ana tari. Wata ta ɗauko ragowar kek ɗin jiya ta dama shi a siket da tafin hannu. Wata ta tsiyaya jan giya daga kafaɗa. Aka kwantar da ita a taɓon da ruwan tiyo ya yi a gindin bishiya, mutum huɗu suka ja ta ta jela, kiɗa na tashi, mai hoto ya kwanta rub da ciki yana ɗauka.

Babbar ƙawa ta miƙo min robar koren fenti. Na ce ta yafe ni, hannuna ba zai iya ba. Ba ta ji haushi ba, ta sumbaci kumatuna ta yi gaba. Wasan biki ba baƙona ba ne. A kamu mu ma ana feshe amarya da turare, ƙawaye su tare ƙofa su ce sai an biya. Amma a gidan da na taso, ko ɗankwali ya tsufa sai an yi gammo da shi. Kuma jiya-jiya na ga uwar amarya a durƙushe tana ɓalla maɓallan.

Duk da haka, in na ce ban ga abin da amarya ta samu ba, na yi ƙarya. Tun da na san ta ban taɓa jin ta yi dariya irin ta ranar ba, dariyar da ke tasowa daga ciki har mutum ya shaƙe. Daga baya, tana zaune bakin famfo ana wanke mata gashi, ta ce min, "Wata takwas ina yi wa rigar nan hidima. Ban ci na ƙoshi ba saboda ita. Jiya ko kakata ban rungume da kyau ba, ina tsoron janbakinta. Yau kuwa ni ke da iko da ita." Na yarda da ita. Da idona na ga yadda ta yi ta jera aikin dare don ta biya kuɗin bikin nan.

Almakashi ne ya tashe ni daga wurin. Wata ta kama siket ta yanke shi iya gwiwa, wannan da sauƙi. Sai wata ta zura almakashin ta baya, ta bi layin maɓallan ta tsarge leshin. Duwatsun suka zube a siminti suna tsalle. Matar da ke share gidan, 'yar Maya ce, tun ɗazu tana tsaye bakin kicin da tsintsiya. Ta sunkuya ta ɗauki wani guntun leshi da ya faɗo kusa da ita, ta juya bayansa tana dubawa. Da ɗan Sifaniyancin da na tsinta wajen marasa lafiya a Texas na gane abin da take faɗa min: duwatsun nan da hannu aka ɗinka su, ga ƙullin zaren a baya. Ta nuna min da farce. Kowane ganye da nasa ƙullin. A shekarar, mafi ƙarancin albashi a yawancin Meziko bai cika peso 250 a rana ba, abin da bai kai dala 15 ba. Na yi lissafin a raina, kuɗin rigar ya kai aikin wata biyar ba hutun yini ɗaya. Ita ba ta kawo zancen kuɗi ba. Ɗinkin take kallo, ta ce wata ta zauna ta ƙarar da idonta a kan wannan.

Na shiga ciki na tarar da uwar amarya ita kaɗai a falo da kofin shayi. Na gaishe ta na ce, "Mama, ba ki fita kallo ba." Ta ce ta ga iya abin da za ta iya gani. Ta ja min kujera. Ta ce tata rigar ta 1988 tana nan a kwali a saman silin. Kuɗi ta biya aka wanke ta aka naɗe ta da takarda ta musamman, da niyyar 'yarta ta sa wata rana. Da lokacin ya zo aka buɗe, ta yi rawaya, hannuwanta buhu-buhu irin na yayin da. 'Yar ta gwada, suka yi dariya, aka mayar da kwali inda yake. "Tawa ma ta mutu," in ji ta, "sai dai ba wanda ya ɗauke ta hoto."

Maganar nan ta zauna min daram. Fenti da almakashi ƙarshen zance ne. Tun ranar da aka yanka yadin aka yi ɓarnar, da aka ɗinka tufar da ba ta da rana ta biyu: ba a zuwa coci da ita, ba a zuwa bikin wata da ita, ba a yi wa ƙanwa kwancenta. Ko a wajensu ba haka abin ya faro ba. Sarauniya Biktoriya ta Ingila, wadda aurenta a 1840 ya sa farar riga ta zama yayi, ta ci gaba da sa leshin rigarta a bukukuwan 'ya'yanta, da ta rasu a 1901 kuma da mayafin aurenta aka binne ta. Matan zamaninta masu ƙaramin ƙarfi rigarsu mafi kyau suke sawa ranar aure, su ci gaba da fita da ita, wasu su kai ta rini.

Mu ma kada mu yi saurin tafa hannu muna salati. Kayan lefe dai ana sa su, atamfa da leshi su yi shekaru suna fita unguwa, in sun sha jiki a yi kwance. Amma rigar dina da ake ɗinka wa amare yanzu a Kano da Kaduna da Abuja, mai jela da duwatsu, wadda sai an riƙe wa amarya kafin ta zauna, ina take zuwa bayan dare ɗaya? Mai rabo ce ake bayarwa aro ko haya. Sauran suna ƙasan akwati. Abin yana damuna, don na san telolin da ke kwana a kan keke da fitilar caji saboda su. Abin da na gani a tsakar gidan nan ban goyi bayansa ba. Da an tsaya a senote, aka wanke rigar aka shanya, da wata yarinya ta yi aure da ita. A Amurka akwai wuraren da ke karɓar irin waɗannan riguna su sayar da araha ko su bayar kyauta. Na faɗa wa ƙawata haka a daren, ta ce ta sani, ta yi tunaninsa, amma ta fi son wannan.

Da yamma aka cusa abin da ya rage a baƙar leda aka ajiye wajen shara. Amarya ta yanki ɗan guntu mai kala huɗu ta ce za ta sa shi a firam.

Da taro ya watse na hau bas zuwa garin Valladolid, wajen kilomita 100 daga Tulum ta cikin ƙasa, daga nan na je Cicen Itza, kufan wani tsohon birnin mutanen Maya. Jama'a a gindin babbar dalar dutse suke cincirindo. Na bar su na bi wata tsohuwar hanya ta arewa, tafiyar 'yan mintuna, zuwa senote ɗin da mutanen Maya na da suka tsarkake. Faɗinsa wajen mita 60, bangonsa a miƙe, ruwan kore, ba a shiga. A nan suke jefa abin da suka fi ji da shi don Chaac, abin bautarsu na ruwan sama. Daga 1904 wani Ba'amurke, Edward Thompson, ya shiga yasar ramin, ya fito da zinariya da koren dutse mai daraja da turaren ƙaro da ƙasusuwan mutane, har da guntayen saƙa. Da yawa daga kayan a gidan tarihi na Peabody da ke jami'ar Harvard suka ƙare. Ashe zuba tufa mai tsada a ruwan ƙasar nan tsohon abu ne. Su dai damina suke nema da shi, a wurin da in ruwa ya ƙi, masara ta ƙone, gari ya kwana da yunwa.

A dandalin tsakiyar Valladolid, gaban cocin San Servacio, mata suna baje hipil a jikin shingen ƙarfe. Farar riga ce mai wuya kusurwa huɗu, an yi mata aikin furanni da zare a wuya da ƙasa. Da ita tsofaffin garin ke zuwa kasuwa. Wadda na tsaya wajenta ta ware min aikin keke gefe, aikin hannu gefe, ta ce in juya baya in duba in ina son bambancewa. Na tambaye ta abin da amarya ke sawa a ƙauyensu. Ta ce terno, hawa uku ne: babban wuya mai aiki da ke sauka a kafaɗa, sai hipil ɗin, sai dogon fatari mai leshi a ƙasa. Nata yana nan, shi take sawa in za a yi wa jikokinta baftisma. An ɗan buɗa shi ta gefe da jiki ya ƙaru, in ji ta, tana dafa ƙugu.

Na zaɓi na hannu mai jajayen furanni, muka yi ciniki da yatsu da kalkuletar waya. Tana naɗewa tana ba ni umarni: ruwan sanyi, a juya cikinsa waje, kada a murɗe da ƙarfi, a shanya a inuwa. In farin yadin ya mutu kada in yar, in kai wa tela ya warware aikin wuyan ya ɗora shi a kan sabon yadi. Sai da ta sa na maimaita mata duka, sannan ta miƙo min ledar.